A taro kowa ya yi shiru, a teburin mai shayi kowa ya san matsalar: yaya za mu yanke shawara?

Manajan Casa, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a shugabancin ma'aikata, domin akwai abin da ya sha mini kai. Ni ne mai kula da aiki a wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa a jihar Kano, kuma idan aka haɗa masu turarawa da masu shanya da masu inji da masu ɗinkin buhu, mun kai mutum arba'in. Kimanin wata uku ke nan da muka lura karyayyar shinkafa ta yawaita a kayan da muke fitarwa, har ta kai wasu dilolinmu sun fara rage mana farashi, ɗaya ma ya dawo mana da lodi guda. Duk wanda ya san harkar nan ya san ribar mai casa tana cikin doguwar ƙwaya, domin karyayyar ba ta da daraja a kasuwa idan aka gwada ta da lafiyayya.

Mai kamfanin, dattijo ne da nake ganin girmansa kamar mahaifina, ya kira taro har sau uku a kan maganar. A ganinsa injin cire ɓawo ne ya tsufa, saboda haka mafita ita ce a yi odar sabo daga ƙasar waje, wanda kuɗinsa a canjin dala na yanzu zai cinye kusan duk abin da muka ware domin sayen shanshera a kakar bana. A duka tarukan uku babu wanda ya ce komai sai "haka ne Alhaji, Allah ya ƙara girma". Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da zarar an tashi sai in hango mutanen nan a teburin mai shayi kowa yana zuba bayani. Wannan ya ce daga wurin turarawa ne, wancan ya ce shansherar da ake kawo mana ce ba ta da kyau, wani kuma ya ce ai robar injin ce kawai ta cinye. Da na matso kusa sai a mayar da zancen na ƙwallo.

Ni kaina ba na jin injin ne matsalar, amma ba ni da hujjar da zan tunkari Alhaji da ita, kuma ba na son in zama yaron da ya musa wa babba a bainar jama'a. Tambayata biyu ce. Wace hanya ake bi a gano ainihin tushen matsala irin wannan, maimakon kowa ya riƙa shaci-faɗi? Sannan a wurin aiki irin namu, inda kunya da girmama na gaba suke da ƙarfi, yaya ake shirya zama har ƙananan ma'aikata su faɗi abin da suka sani kafin a kashe kuɗin da ba za su dawo ba?

Tsohon Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam Manaja. Tambayarka ta farko zan taɓa, domin ita ce na sha fama da ita a shekarun da na yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna kafin a rufe ta. Akwai shekarar da zare ya riƙa tsinkewa a ɗakin saƙa fiye da ƙima, manyanmu suka ɗora laifin a kan injinan saƙa, aka yi ta canza kayan gyara masu tsada, abin bai sauya zani ba. Wani tsohon ma'aikaci da bai yi boko mai zurfi ba shi ne ya ce mini in lura, tsinkewar ta fi yawa da hunturu, kuma ta fi yawa a layin da ke kusa da ƙofa. Zaren auduga yana son iska mai danshi, idan iska ta bushe sai ya yi saurin tsinkewa, kuma da muka duba sai muka tarar bututun fesa danshi na wannan ɓangaren sun toshe. Injinan ba su da laifin komai. Tun daga ranar na daina yarda da kowace magana a kan matsala har sai an gaya mini yaushe take faruwa, a ina take faruwa, kuma yaushe ne ba ta faruwa.

Ka lura da yadda aka ɗauko zancen a wurinku. Matsalar da ke gabanku ita ce shinkafa tana karyewa, amma taron da aka kira ya zama na sayen inji ko rashin sayensa. An tsallake ciwon an tafi neman magani. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya fara wata uku da suka wuce yana da dalilin da shi ma ya fara a wannan lokacin, alhali tsufan inji abu ne da ke zuwa a hankali. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me aka canza a kamfanin nan wata uku ko huɗu da suka wuce? Sabon mai kawo kaya, sabon ma'aikaci, sabon tsarin aiki, sauyin yanayi, ko da kuwa abin ya yi kama da wanda bai shafi inji ba.

Mutanen kamfanin Toyota a Japan suna da wata dabara mai sauƙi da Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin aikinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya shahara da koyarwa, wato a tambayi "me ya sa" sau biyar a jere. Misalin da shi kansa ya bayar na inji ne da ya tsaya. Me ya sa ya tsaya? Fis ya ƙone saboda aiki ya yi wa injin nauyi. Me ya sa ya yi masa nauyi? Mai bai isa wurin da ƙarfe ke juyawa ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turawa yadda ya kamata. Me ya sa? Sandar cikin famfon ta cinye. Me ya sa ta cinye? Babu matata, don haka ɓurɓushin ƙarfe yana shiga ciki. Wanda ya tsaya a tambayar farko zai canza fis ne kawai, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa. Sai dai ina yi maka gargaɗi guda daga abin da na gani da idona: idan jerin tambayoyin ya ƙare a kan sunan wani mutum, kamar a ce "saboda wane malalaci ne", to ba a gama ba, an dai sami wanda za a ɗora wa laifi. A ci gaba da tambaya har a isa ga tsarin da ya bari kuskuren ya faru.

Abin da zan ba ka shawara ka yi tun daga gobe ba ya buƙatar izinin kowa. Ka sami littafi guda, ka riƙa rubuta kowane rukunin shanshera da ya shigo: daga ina aka kawo shi, awa nawa aka jiƙa shi, wa ya turara, yaushe aka shanya kuma yaushe aka kwashe, nawa na'urar auna danshi ta nuna kafin a zuba a inji, sannan a ɗebi kilo ɗaya daga abin da ya fito a tsince karyayyar a auna. Mako biyu sun isa su nuna maka wani abu. Idan kana son ka tsara zarge-zargen teburin mai shayi, akwai zanen da wani farfesan Japan mai suna Kaoru Ishikawa ya yaɗa a shekarun 1960, wanda ake kira zanen ƙayar kifi saboda siffarsa. Ana rubuta matsalar a wurin kan kifin, kowace babbar ƙaya ta ɗauki rukuni guda, wato inji, mutane, kayan aiki, hanyar aiki, awo da yanayi, sai a jera abin da ake zargi a ƙarƙashin kowanne. Zanen ba ya ba da amsa, amfaninsa shi ne ya hana ido kafewa a kan ƙaya ɗaya. Gwajin da ya fi komai arha kuwa shi ne ka raba buhunan rukuni guda gida biyu, ka casa rabi a injinku, ka kai rabi wani kamfanin da ka amince da injinsa. Idan karyewar ta zo daidai a wurare biyun, injinku ya fita daga zargi, kuma gani ya kori ji.

Malamar Gudanarwa, Zariya

Baba Injiniya ya gama magana a kan tambaya ta farko, ni ta biyun ce ta fi jan hankalina. Malam Manaja, kada ka ɗauka shirun ma'aikatanka jahilci ne ko rashin kishi. Lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya ce matsalar daga turarawa take ya sayi gaba da masu turarawa, wanda ya ce ba inji ba ne ya ƙaryata Alhaji, wanda ya yi shiru kuwa albashinsa na nan. Muddin tsarin taron bai sauya ba, ko sau goma aka kira shi abin da za a ji ke nan.

Kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. A ranar 27 ga Maris 1977 jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan mamata. Naɗin sautin ɗakin matuƙa ya nuna cewa injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM na ƙasar Holand, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin tashi, kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, sai injiniyan bai sake magana ba. Wannan hatsari yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara horar da ma'aikatansu musamman a kan yadda na ƙasa zai ja hankalin na sama, da yadda na sama zai saurara. Turawan da ake cewa ba su da kunya ma sai da suka mayar da abin darasi na aji.

Abin da yawancin manajoji suke gaggawar yi a irin wannan hali shi ne taron da ake cewa kowa ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai. Wani mai kamfanin talla a Amurka, Alex Osborn, shi ya yaɗa wannan salo a shekarun 1940 da 1950, da ƙa'idojinsa huɗu: kada a soki ra'ayin kowa a lokacin, a nemi yawa, a yi maraba da ra'ayin da ya yi kama da shirme, a kuma ɗora a kan na wasu. Ƙa'idojin suna da kyau, amma tun a 1958 wani bincike da aka yi a jami'ar Yale ya nuna cewa mutane huɗu da kowannensu ya zauna shi kaɗai ya yi tunani, idan aka haɗa abin da suka rubuta, sun fi mutane huɗun da suka zauna tare yawan ra'ayoyi nesa ba kusa ba. Binciken da wasu masana biyu na Jamus, Diehl da Stroebe, suka wallafa a 1987 ya gano babban dalilin: a taro mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, sauran suna jiran layi, kuma a cikin jiran ne suke mance abin da za su faɗa ko su fasa. Ka ƙara girman Alhaji a kan wannan, ka ga inda aka kwana.

Maganin da nake koya wa ɗalibaina shi ne a raba tunani da magana. A fara da rubutu, kowa shi kaɗai, ba tare da suna ba. Akwai salon da wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, ana kiransa 6-3-5: mutum shida su zauna, kowa ya rubuta ra'ayi uku cikin minti biyar, ya miƙa takardarsa ga na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ƙara nasa uku. Idan takardun suka zagaya sau shida, cikin rabin awa an sami har ra'ayi 108, ko da yake da yawansu maimaici ne. Ba lallai ka bi lambobin sau da ƙafa ba. Abin da ke da muhimmanci shi ne kowa ya rubuta kafin ya ji ra'ayin babba, a tattara takardun a karanta su duka ba tare da an ce wane ne ya rubuta ba, sannan a yi zaɓe a asirce a kan waɗanda za a fara gwadawa. Idan dole ne a yi magana da baki, a fara daga mafi ƙanƙanta a matsayi a hauro sama, domin da zarar babba ya furta ra'ayinsa an rufe ƙofa.

Manajan Casa, Kano

Allah ya saka da alheri, Baba Injiniya, na riga na sayi littafin kuma yau muka fara rubutawa. Hajiya, bayaninki ya shige ni, sai dai ina hango cikas biyu. Kusan rabin masu shanya da masu turarawa ba sa rubutun boko, kuma su ne nake zaton sun fi kowa sanin abin da ke faruwa. Na biyu kuma, idan Alhaji ya ji na tara ma'aikata muna rubuce-rubuce a kan maganar da ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ina tsoron ya ɗauka ina haɗa masa kai da yara ne. A irin wuraren aikinmu ba a rasa mai kai rahoto, kuma yakan kai shi da ƙari.

Mai Injin Casa, Haɗeja

Ni mai kamfani ne kamar Alhajinku, ko da yake nawa ƙarami ne, don haka bari in faɗi abin da ake gani daga wancan ɓangaren teburin. Tsoronka na biyu gaskiya ne, kuma idan ka yi wannan zama a bayan idonsa ka ɓata rawarka da tsalle. Hajiya, ki yi haƙuri, dabarun nan naku na makaranta suna mance abu guda: wanda ya zuba dukiyarsa shi ne ba ya barci idan kaya suka dawo. Ma'aikaci zai rubuta ra'ayinsa ya tafi gida, asara kuwa ta mai gida ce shi kaɗai. Sau da yawa mai kamfani yana kafewa a kan sayen inji ne saboda shi ne abin da ke hannunsa, wanda zai iya yi da kuɗinsa a gani, kuma babu wanda ya kawo masa wani abin da ya fi shi.

Saboda haka ka same shi shi kaɗai, a gida ko bayan sallar La'asar, ba a gaban yara ba. Kada ka ce masa ya yi kuskure. Ka roƙe shi mako biyu ko uku na gwaji kafin a tura kuɗi, ka nuna masa cewa idan gwajin ya tabbatar da maganarsa babu abin da aka rasa. Mu da muka taso da karatun sira muna da misalin da ya fi na kowa. Malamai sun kawo cewa a Badar, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka umarnin Allah ne da ba a taɓawa, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya kawo shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuma karɓa. Ka dubi ladabin: sai da ya tambaya ko akwai damar magana kafin ya yi ta. A shekara ta 5 bayan Hijira kuma shawarar haƙa gwalalo a Madina daga Salmanul Farisi ta fito, mutumin da ya zo da dabarar daga wata ƙasa. Ayar Ali Imrana ta 159 ta haɗa abu biyun a wuri ɗaya, a yi shawara da mutane, idan an ƙudurta kuma a dogara ga Allah. Babu dattijon da za ka tuna wa wannan cikin ladabi ya ce ka raina shi.

Game da shinkafar kanta, kafin ma ka kai buhu wani kamfani, ka ɗebi ƙwaya ɗari daga shansherar da aka busar, ka ɓare su da hannu a hankali, ka haska su da tocila. Idan ka ga layin tsagewa a cikin ƙwayar tun ba ta shiga inji ba, to ta riga ta karye tun a wurin shanya, injin fito da abin kawai ya yi. Shinkafar da aka turara idan aka busar da ita da gaggawa a rana mai zafi, bayanta ya bushe cikinta da sauran laima, takan tsage. Haka kuma wadda ta bushe sosai idan raɓa ko ruwa ya sake taɓa ta. Shi ya sa ake shanya ta sau biyu, a tara ta a rufe ta huta a tsakani, sannan a kai ta danshin wajen kashi 14 cikin ɗari kafin casa. Robar injin kuwa dama kayan canzawa ce lokaci-lokaci, ba ta kai a ce inji ya mutu ba.

Malamar Gudanarwa, Zariya

Alhaji, na karɓi gyara, kuma ban ce a yi komai a ɓoye ba. Hasali ma abin da ya fi dacewa shi ne mai kamfanin da kansa ya ba da umarnin a yi zaman, sannan ya ƙi halarta. Wannan ba raini ba ne, shugabanni manya sun yi haka. Bayan harin da Amurka ta ɗauki nauyinsa a gaɓar Kyuba a watan Afrilun 1961 ya watse cikin kwana uku, an gano cewa wasu daga cikin mashawartan Shugaba Kennedy suna da shakka tun farko amma suka haɗiye ta. Masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis ya yi nazarin wannan a 1972, ya nuna yadda son a zauna lafiya a cikin tawaga yake kashe tunani. Da rikicin makamai masu linzami ya taso tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a kan Kyuba a Oktoban 1962, Kennedy ya riƙa barin wasu zaman da gangan domin mutanensa su yi gardama ba tare da kallon fuskarsa ba.

Batun rubutu kuwa mai sauƙi ne, Malam Manaja. Da yawa daga cikin waɗanda ba sa rubutun boko suna rubuta ajami, ka karɓa a haka. Wanda ba ya ko ɗaya, a sa wani da suka yarda da shi, wanda ba shugabansu ba, ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Zaɓe kuma ana iya yinsa da ƙwayar wake a gwangwani.

Saura maganar yanke hukuncin kansa. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya taɓa raba shawarwari gida biyu a wasiƙarsa ga masu hannun jari: akwai ƙofar da idan ka shiga kana iya dawowa, akwai wadda idan ka shiga ta rufe. Canza roba, sauya lokacin shanya, gwada wani mai kawo shanshera, duk ƙofofi ne da ake dawowa, don haka a yi su da sauri, kuma bai kamata su jira taro ba. Odar inji da kuɗin kaka kuwa shiga ce ba fita, ita ce ta cancanci jinkiri. Kuskuren da na fi gani a ma'aikatunmu shi ne ana juya abin, a yi wata guda ana taro a kan ƙaramin abu, babban kuma a yanke shi a zama ɗaya. Idan har bayan gwaji aka tsaya a kan sayen injin, ina ba da shawarar dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007. A ce wa mahalarta su ɗauka shekara guda ta wuce, an sayi injin, kuma abin ya zama asara, kowa ya rubuta dalilin da ya jawo hakan. Mutumin da ba zai iya cewa "Alhaji kada a saya" ba, zai iya rubuta cewa inji ya iso amma babu kuɗin shanshera, ko ya lalace babu makanikin da ya san shi, domin a nan an umarce shi ne ya nemo aibi, ba shi ya ɗauko zancen ba.

Manajan Casa, Kano

Na dawo in ba ku labarin inda aka kwana bayan mako uku. Na sami Alhaji a gida kamar yadda Alhajin Haɗeja ya ce, ya ba ni mako biyu, ya kuma ce da bakinsa a gaban ma'aikata kowa ya faɗa mini abin da ya sani. Gwajin tocila muka fara yi, kuma mun tarar da tsagewa a ƙwayoyi masu yawa tun kafin su shiga inji. Buhunan da muka kai wani kamfanin ma sun karye, ko da yake ba su kai namu ba, wanda ya nuna robarmu tana da nata kason, kuma mun canza ta.

Da muka bi tambayar "me ya sa" a wurin shanya, sai ta dawo kaina. Me ya sa ake shanya sau ɗaya a tsakar rana ba tare da an bar shinkafar ta huta ba? Saboda masu shanya suna sauri. Me ya sa suke sauri? Saboda wata huɗu da suka wuce an daina biyansu kuɗin yini, an koma biyansu a kan yawan buhun da suka busar. Ni ne na kawo wannan tsarin, kuma har yaba mini aka yi a lokacin saboda aiki ya ƙara gudu. Takardu uku daga cikin waɗanda aka tattara, biyu da ajami, sun faɗi wannan ƙarara, kuma na fahimci dalilin da ya sa ake sauya zance idan na matso teburin mai shayi. Ashe ba Alhaji kaɗai ake jin nauyi ba.

Mun koma shanya sau biyu, kuma littafin yana nuna karyewar tana raguwa, sai dai yawan buhun da muke fitarwa a yini ya ragu, filin shanyar ma ya yi mana kaɗan. Alhaji bai janye maganar inji ba, ya dai ɗage ta zuwa bayan kaka, kuma yanzu yana tambaya ko injin busarwa ne ya fi dacewa a saya. Abin da ya rage mini a yanzu shi ne tsarin biyan masu shanya. Idan na mayar da su kuɗin yini wasunsu za su samu ƙasa da abin da suka saba samu a watannin nan, idan na bar su a kan buhu kuma saurin zai dawo. Ina tunanin a biya kuɗin yini sannan a ƙara wani abu a kan kowane rukunin da ya fito da ƙarancin karyewa, amma rukuni guda yana bi ta hannun masu jiƙawa da masu turarawa kafin ya iso wurinsu. Alhajin Haɗeja, yaya kake biyan naka?